Wa Za Ta Fito a Matsayin Shuhada? Nazari Kan Jessie Buckley da Fim ɗin Rayuwar Sinéad O'Connor

A watan Yulin 2024, shekara guda da rasuwar mawaƙiya Sinéad O'Connor, wani gidan baje kolin mutum-mutumin kakin zuma a Dublin ya fito da siffarta don jama'a su gani. Ba a kwana biyu ba aka janye ta. Ɗan'uwanta John ya yi magana a rediyo, ya ce abin da ya gani bai yi kama da 'yar'uwarsa ba, masoyanta suka mara masa baya, gidan ya ba da haƙuri. An aske kan ƙwal, an sa baƙaƙen tufafi irin na bidiyonta na 1990, duk alamar da ido ke nema an ajiye ta a wurinta, amma matar ba ta ciki. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane.

Na fara da wannan ne saboda irin ramin da ke jiran duk wanda zai yi fim ɗin tarihin rayuwarta ke nan. A watan Agustan 2025 aka ba da labarin cewa ana shirin irin wannan fim, Josephine Decker ce darakta, Stacey Gregg ce marubuciya, kuma zai fi karkata ga ƙuruciyarta da farkon shigarta waƙa. Tun daga lokacin nake juya tambaya ɗaya a raina: da ni aka ba wuƙa da nama, wa zan ɗauka? Sunan da ya ƙi barina shi ne Jessie Buckley, 'yar wasan kwaikwayo ta ƙasar Ailan. Wannan zaɓi nawa ne, na zuci, ba sanarwar kowa ba. Amma da na zauna na auna shi, sai na ga sunan jarumar da aka zaɓa shi ke yanke inda labarin zai tsaya, kuma a nan ne maganar ta shafe mu.

Matar da za a ba da labarinta

An haifi Sinéad a Dublin ranar 8 ga Disamba, 1966. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, a ƙasar Ailan ta wancan zamani da doka ba ta san saki ba, domin sai a 1995 aka kaɗa ƙuri'ar da ta halatta shi. Ta sha faɗa da bakinta cewa mahaifiyarta ta azabtar da ita. Tana da shekara 15 aka kai ta wani gidan horo na sistocin Katolika saboda ɗauke-ɗauke a kanti da gudun makaranta, ta yi wata 18 a can. Gidan yana haɗe da ɗaya daga cikin wuraren wankin nan da ake kira na Magdalene, inda aka riƙa tsare matan da al'umma ta yanke wa hukuncin lalacewa, suna wanki ba albashi. A wannan gida ne kuma wata sista ta saya mata jita. Mahaifiyar ta rasu a haɗarin mota a 1985.

Kundin waƙoƙinta na farko ya fito a 1987, tana da shekara 20, da jaririnta a hannu. Masu kamfanin waƙa sun so ta tara gashi ta sa gajeren siket, ita kuwa ta tafi wurin wanzami ta sa aka kwashe gashin duka. A 1990 ta rera Nothing Compares 2 U, waƙar da mawaƙin Amurka Prince ya rubuta, ta hau saman jadawali a ƙasashe da dama. Bidiyon kusan fuskarta ce kawai, ga hawaye na gangarowa, ta ce mahaifiyarta ta tuna. A 1991 ta ƙaurace wa bikin Grammy duk da ta ci lambar yabo.

Sai daren 3 ga Oktoba, 1992. A shirin Saturday Night Live na Amurka, kai tsaye, ta rera waƙar War ta Bob Marley ba kiɗa, ta ɗaga hoton Fafaroma John Paul na Biyu ta yayyaga shi a gaban kyamara, don nuna fushinta kan cin zarafin yara a cikin cocin Katolika. Hoton na mahaifiyarta ne, daga bangon ɗakinta ta cire shi bayan rasuwarta. Mako biyu bayan nan, a zauren Madison Square Garden na New York, wurin bikin karrama Bob Dylan, taron ya yi mata ihu har ta kasa rera waƙar da ta shirya. Shekara 17 aka yi kafin rahotannin binciken gwamnatin Ailan na Ryan da Murphy na 2009 su tabbatar a hukumance da girman abin da take nuni gare shi. A 2013 Firaminista Enda Kenny ya nemi gafarar matan gidajen wankin a madadin ƙasa.

Yawancin masu ba da labarinta nan suke ajiye alƙalami. Fim ɗin gaskiya na Kathryn Ferguson da ya fito a 2022, mai kyau ƙwarai, shi ma ƙarfinsa a kan shekarun 1987 zuwa 1993 yake. Amma matar ta ƙara shekara 30 a duniya bayan wancan dare. A 1999 wani coci da ya ɓalle daga Rum ya naɗa ta limamiya. Ta yi kundin waƙoƙin gargajiyar Ailan a 2002, ta je Jamaika ta yi na rege a 2005, ta yi wanda ta gina a kan Zabura da littattafan annabawa a 2007. Ta yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa a bainar jama'a, har da bidiyon da ta sa a Facebook a 2017 tana kuka ita kaɗai a wani masauki a New Jersey. A watan Oktoban 2018 ta sanar da musuluntarta, ta ɗauki sunan Shuhada, daga baya Shuhada Sadaqat, ko da yake ta ci gaba da waƙa da tsohon sunanta. Ɗanta Shane ya rasu a Janairun 2022 yana da shekara 17. Ita kuma ta rasu a Landan ranar 26 ga Yuli, 2023, tana da shekara 56. Sheikh Umar Al-Qadri, wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada, shi ya jagoranci addu'a a jana'izarta ranar 8 ga Agusta, gawarta ta ratsa bakin tekun garin Bray ta gaban gidan da ta zauna shekara 15.

Da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofa ta ƙarshe muka san ta, lokacin da hotonta da hijabi ya zaga wayoyi. Da ta rasu, Musulmi a ƙasashe daban-daban sun koka cewa jaridu da dama sun koma ga hoton budurwa mai askakken kai, suka tsallake sunan da ta zaɓa wa kanta. Ina tare da masu wannan kuka.

Jarumar

An haifi Jessie Buckley ranar 28 ga Disamba, 1989, a Killarney cikin gundumar Kerry, kudu maso yammacin Ailan. Ita ce babba cikin 'ya'ya biyar. Mahaifiyarta, Marina Cassidy, mawaƙiya ce mai koyar da murya. Jessie ta yi sakandare a makarantar 'yan mata ta sistocin Ursuline a Thurles, inda take fitowa a matsayin namiji a wasannin makaranta. Wato ta san ƙamshin makarantar sistoci daga ciki, ko da tata ba gidan horo ba ce.

Duniya ta fara ganinta a 2008, tana da shekara 18, a gasar talabijin ta BBC mai suna I'd Do Anything, inda ake neman wadda za ta hau dandamalin Landan a wani wasan waƙe. Ta zo ta biyu, Jodie Prenger ta lashe. Aka yi mata tayin zama mai jiran gado, wato ta hau in jarumar ba ta samu zuwa ba. Ta ce a'a. Ta karɓi wani wasa a ƙaramin gidan wasan Menier a ƙarƙashin darakta Trevor Nunn, ta yi waƙar jaz a kulob na wani lokaci, sannan ta koma aji a makarantar wasan kwaikwayo ta RADA, ta kammala a 2013. Yarinyar da ƙasa guda ta riga ta san fuskarta, ta koma ta zauna a benci tana koyon numfashi da furuci. Wannan taurin kai shi ne abu na farko da ya sa na haɗa ta da Sinéad a zuciyata.

Bayan wasannin Shakespeare a dandamali da shirin War and Peace na 2016, sai fim ɗin Beast a 2017, sai Wild Rose a 2018. A nan ne ta fito a matsayin wata matashiyar uwa 'yar Glasgow da ta fito daga kurkuku, ga 'ya'ya biyu, ga burin zama mawaƙiya a birnin Nashville na Amurka. Da muryarta ta rera waƙoƙin, da karin harshen Sikotlan ta yi magana, aka sa sunanta a takarar BAFTA, lambar yabon fina-finai ta Birtaniya. The Lost Daughter na 2021 ya kai ta takarar Oscar. A 2022 ta ci lambar Olivier ta wasannin dandamalin Landan saboda wasan Cabaret, kuma kundin da ta yi da Bernard Butler ya shiga jerin ƙarshe na gasar kundin waƙa ta Mercury. A 2025 ta fito a Hamnet na Chloé Zhao, a matsayin matar Shakespeare da ɗanta ya mutu.

In ka jera waɗannan za ka ga zare ɗaya. Uwa mai son 'ya'yanta amma wani abu na janye ta daga gida, uwa mai fushi, uwa da ta binne ɗa. Buckley ba ta wanke irin waɗannan mata don mai kallo ya ji daɗi, kuma ba ta zubar musu da mutunci. Wanda zai yi Sinéad dole ya iya riƙe waɗannan biyu a lokaci guda, domin matar ta faɗi maganganu masu zafi da ta dawo ta janye, ta ɓata da mutanen da suka so ta, ta kuma tsaya kan gaskiya ranar da kowa ya gudu.

Inda lissafin ya ƙi

Matsala ta farko shekaru ne, kuma ba ƙarama ba ce. Daren da aka yaga hoton Fafaroma, Sinéad na da shekara 25. Buckley ta haura 35. Za a iya rage mata da kwalliya da haske don daren 1992, amma ba wanda zai yarda ita ce yarinya 'yar 15 a gidan horo, ko 'yar 20 mai ciki a sutudiyo. In dai fim ɗin ƙuruciya ake so, to Buckley ba ta dace ba, kuma na yarda da haka ba tare da jayayya ba.

Amma juya lissafin ka gani. Furodusan da ya ɗauki 'yar shekara 22 ya riga ya yanke cewa fim ɗinsa zai ƙare a wajen 1992, da ihun taro da budurwa tsaye ita kaɗai, sai a rubuta sauran rayuwar a layi uku a kan baƙin allo. Wanda ya ɗauki Buckley ya ɗaure kansa da akasin haka. Shekarunta sun ajiye ta a tsakiya, za ta iya komawa baya kaɗan, za ta iya gangarawa har 56. Ba za ka ɗauko jaruma irin wannan ka ce ba ruwanka da limamiyar 1999, da matar masaukin New Jersey, da Shuhada ba. Dalilina na gaskiya ke nan. Ina son Buckley ne saboda zaɓenta zai tilasta a ba da rabin labarin da aka saba yankewa.

Mafita tana cikin tarihin aikinta. A The Lost Daughter, ita da Olivia Colman mace ɗaya suka raba, Buckley ta yi ƙuruciyar, Colman ta yi manyantakar. Ba su yi kama a fuska ba, amma mai kallo ya yarda, har dukansu biyu suka shiga takarar Oscar da wannan rawa guda. Sai a maimaita dabarar, wannan karon Buckley ta riƙe ɓangaren girma. Ƙuruciyar kuwa a buɗe ƙofa a nemo yarinyar Dublin da ba a sani ba, kamar yadda ita ma Buckley ta fito daga layin masu gwaji.

Murya, harshe, fuska

Masu irin wannan fim hanya biyu suke bi. Marion Cotillard ta motsa baki a kan ainihin muryar Édith Piaf, ta ci Oscar a 2008. Renée Zellweger ta rera waƙoƙin Judy Garland da muryarta, ta ci a 2020, kuma Buckley na cikin wannan fim ɗin a matsayin Rosalyn Wilder, matar da ta kula da Garland a Landan, don haka ta ga aikin da idonta. Wace hanya ta dace da Sinéad?

Muryar Buckley cikakkiya ce, mai ɗumi, ta wadda aka horar. Ta Sinéad siririya ce a ƙasa kamar raɗa, sai ta tsage ta haura ba gargaɗi, kamar kukan makoki na tsofaffin matan ƙasarsu. In Buckley ta ce za ta kwaikwayi wannan tsagewa daidai da daidai, za a koma gidan kakin zuma. A ganina, a shekarun 1987 zuwa 1992 a bar ainihin muryar mai ita, domin duk wanda ya taɓa jin ta zai gane jabu. A shekarun baya kuwa, lokacin da muryar Sinéad kanta ta yi ƙasa ta yi kauri, Buckley ta rera da tata.

Akwai kuma ƙaya a nan da ba ta jaruma ba ce. Magadan Prince sun hana Kathryn Ferguson amfani da Nothing Compares 2 U a fim ɗinta na 2022. Duk mai shirin sabon fim sai ya sake ƙwanƙwasa wannan ƙofa, kuma ba a hannunsa amsar take ba.

Karin harshe ba ya ba ni tsoro. Bakin Kerry da na kudancin Dublin sun bambanta yadda ɗan ƙasar zai gane daga jimla ɗaya, kamar yadda Bakano ke gane Basakkwace. Amma wadda ta shawo kan mutanen Glasgow da harshensu ba za ta gaza a babban birnin ƙasarta ba. Fuskar ce ke buƙatar aiki. Fuskar Buckley ba ta zama wuri ɗaya, bakinta na karkacewa gefe in za ta yi murmushi, komai na zuciyarta yana bayyana nan take. Ƙarfin Sinéad a gaban kyamara kuwa tsayuwa ne, manyan idanu da ba sa ƙiftawa. Sai Buckley ta koyi ƙin motsi, wanda ya fi aske kai wuya nesa ba kusa ba.

Darasin Lyudmilla

A 2019 Buckley ta fito a shirin Chernobyl a matsayin Lyudmilla Ignatenko, matar ɗan kwana-kwanan da tururin nukiliya ya kashe a 1986, wadda ta zauna a gefen gadonsa tana da ciki, jaririyar kuma ta rasu jim kaɗan da haihuwa. Wasan ya taɓa zuciyar duk wanda ya kalla. Amma a ƙarshen shekarar, ainihin Lyudmilla ta gaya wa BBC cewa ba ta ba da izinin a yi amfani da labarinta ba, 'yan jarida sun dame ta har ta bar gidanta a Kyiv, wasu kuma suna zarginta da kashe 'yarta. Masu shirin sun ce sun tuntuɓe ta. Ko ma yaya aka yi, wasan ya yi kyau, matar kuma ta cutu. Ba laifin jaruma ba ne, amma jarumar da ta taɓa tsayawa kusa da irin wannan wuta ta fi kowa sanin zafinta.

Sinéad ta bar 'ya'ya uku a raye, da 'yan'uwa, cikinsu har da marubuci Joseph O'Connor. Magadanta ba masu shiru ba ne: a Maris na 2024 sun fito sun nemi Donald Trump ya daina sa waƙarta a tarukan siyasarsa. Fim ɗin da zai shiga shekarun baya dole ya taɓa rasuwar Shane, kuma wannan ba wurin da darakta zai shiga da takalmi ba ne. Ni da za a tambaye ni, kada a nuna mutuwar yaron ko kaɗan. A nuna uwar bayan haka. Wanda ya ga Buckley a Hamnet ya san za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba tare da an nuna gawa ba.

Sai batun addini. Buckley ba Musulma ba ce, kuma ban ɗauki wannan a matsayin cikas ba, domin aikin ɗan wasa ke nan, ya shiga rigar da ba tasa ba. Abin da nake tsoro rubutun ne. Akwai hanya mai sauƙi da marubuci zai bi, ya jera musuluntar a cikin alamomin rashin lafiya, tsakanin wannan rikici da wancan, kamar wani sabon abin da ta faɗa ciki. Wannan zai zama ƙarya a kanta. Matar da ta rera Zabura, ta karɓi naɗin limanci, ta shafe shekaru tana karatun littattafan addinai, ta bayyana da bakinta a talabijin ɗin ƙasarta cewa ta jinkirta nazarin Musulunci sai a ƙarshe ne saboda mummunan zaton da take yi masa, da ta karanta sura ta biyu ta Alƙur'ani sai ta ji ta iso gida. Ta sa bidiyon kanta tana kiran salla, tana ba da haƙuri kan kurakuran furucinta. Wannan tafiya ce mai farko da tsakiya, kuma faɗanta na 1992 ma da coci ta yi shi, ba da Allah ba. Ya kamata marubuci ya zauna da Sheikh Al-Qadri da Musulmin Dublin da suka san ta, jarumar kuma ta koyi shahada da alwala da salla a hannun masu yi, har da irin tuntuɓen harshen sabon shiga, domin da irin wannan tuntuɓe Shuhada ta yi su.

Gwajin da zan yi mata

Ba zan ce ta aske kai ta yaga hoto ba. Kowace ƙwararriya za ta iya wannan, fushi abu ne mai saurin kamawa a kyamara. Zan ɗauko daren watan Satumban 2019, lokacin da Shuhada ta koma shirin The Late Late Show na gidan talabijin ɗin RTÉ, tana da shekara 52, sanye da jan hijabi da jar doguwar riga, ta rera waƙar nan ta 1990 a gaban mutanen ƙasar da suka taɓa juya mata baya. Kalmomin ba su canza ba. Mai rerawar ce ta ratsa shekara 29, da aure huɗu, da asibitoci, da sunaye uku.

Zan sa Buckley ta tsaya a tsakiyar ɗaki, a ɗaura mata hijabin yadda ba a ganin ko akwai gashi ko babu, a matso da kyamara kusa da fuskarta daidai yadda darakta John Maybury ya yi a bidiyon farko. Ba kiɗa, ba yanka. Zan roƙe ta abu ɗaya, kada ta yi kuka, ta kai waƙar har baitin ƙarshe idanunta a bushe.